Kantar littattafan wasan tebur: in rage ta ko in ƙara haƙuri?

Mai_Kanta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kasuwar kayan wasa a Amurka, masu shago ko masu saye.

Ni da abokin kasuwancina muna da ɗan shago. Muna sayar da kati, da wasannin cikin kwali, da 'yan mutum-mutumi da fentinsu, sai doguwar kanta guda ta littattafan wasan labari na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons da Pathfinder da Call of Cthulhu. Ga wanda bai saba da shi ba, mutum huɗu ko biyar ne ke zagaye tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, a jefa dayis a ga abin da zai faru. Littafin shi ke ɗauke da dokokin wasan da duniyar da ake yinsa a ciki.

Kantar nan ce ta haɗa mu gardama. Abokina yana so a kwashe mafi yawanta a zuba kati. Ni kuma raina bai so ba, domin son littattafan nan ne ya shigo da ni harkar tun farko. Amma duk lokacin da na buɗe littafin ciniki sai in ga gaskiya tana wajensa.

Littafin da aka rubuta wa dala 49.99 a bango, muna saro shi a wajen dila a kan ɗan abin da ya haura rabin wannan kuɗi. A takarda ribar ba laifi. Matsalar ita ce zaman da yake yi. Kwalin kati yana shigowa ya fita cikin mako, kuɗin su dawo in sake sari, shi kuwa littafi sai ya shafe watanni yana kallona. Mutum zai shigo ya ɗauka, ya buɗe, ya yi mini tambayoyi, in zauna in bayyana masa yadda ake fara wasan, daga ƙarshe ya nuna mini wayarsa: wani babban shafin ciniki yana sayar da shi a kusan kuɗin da ni na saro. Ba na ganin laifinsa, kowa ya san zafin kuɗinsa. Sai kuma kamfanonin da ke sayarwa kai tsaye a shafinsu, su haɗa wa mai saye da kwafin karantawa a kwamfuta, abin da ni ba ni da ikon bayarwa. Ga sabon bugu da ke fitowa ya mayar da na kan kantata kwantai.

Shin akwai shagon da ke cin riba ta gaske a littattafan nan? Kuma da gangan masu wallafa ke ture mu gefe, ko haka kasuwar ta juya? In rage kantar, ko akwai dabarar da ban gano ba?

Tsohon_Dila:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe ina aiki a ɓangaren sari kafin in ajiye, kuma wannan gardama taku na ji ta a bakin masu shago da yawa.

Fara da duba kayan kansa. Tebur mai mutum biyar, sau da yawa mutum ɗaya ne ke sayen littattafai, wato mai jan labari. Sauran su ara, ko su duba a waya. In ya sayi manyan littattafai uku na Dungeons & Dragons, zai iya shekara biyar yana wasa bai sake buƙatar komai daga gare ka ba. Mai buga wasan katin nan Magic: The Gathering kuwa kowane sabon jerin kati sai ya dawo. Shi ya sa Magic ya haura dala biliyan ɗaya a 2022, kuma shi ya sa kati ke biyan kuɗin hayar yawancin shagunan nan.

Wizards of the Coast, kamfanin da ke da Magic da Dungeons & Dragons, shi ma ya san da haka. A Disamban 2022 Cynthia Williams, shugabar Wizards of the Coast a lokacin, ta gaya wa masu zuba jari cewa ba a samun kuɗin da ya kamata daga Dungeons & Dragons, ta ce masu jan labari kusan kashi 20 cikin ɗari ne na 'yan wasa amma su ne suka fi kashe kuɗi. A 2022 ɗin ne kuma Hasbro, uwar kamfanin, ya sayi D&D Beyond, shafin intanet na wasan, daga Fandom a kan dala miliyan 146.3. Wanda ya kashe irin wannan kuɗi a kan shafin da ake biya wata-wata, ka san inda hankalinsa ya karkata. Idan ya sayar ta hannunka, kai ka ci, dila ya ci. Idan ya sayar a shafinsa, duka nasa ne, ga sunan mai saye da adireshinsa a hannu. A ƙarshen 2023 kuma suka raba gari da Penguin Random House, wanda ya daɗe yana rarraba musu littattafai zuwa shagunan littattafai. Duk alama ce ta kamfani mai son riƙe linzamin kayansa da kansa.

To da gangan ne? Ban yarda suna son shagonka ya mutu ba, domin a teburinka ake koyon wasan, kuma a nan ake buga Magic duk daren Juma'a. Dubi abin da suke ba ku: bango na musamman da ba a samu sai a shagunan wasa, wanda suka fara tun 2016, da kuma damar fara sayarwa kafin manyan kasuwanni. Littafin 'yan wasa na Dungeons & Dragons na 2024 ya isa shagunan wasa ranar 3 ga Satumba, sauran kasuwa sai 17 ga wata. Mako biyu ke nan. Suna so ka rayu, amma ba za su bar ribar da za su iya kwasa da kansu domin kai ba.

Shawarata, abokinka yana da gaskiya a kan yawa. Ka riƙe manyan littattafan farawa, kwafi biyu ko uku kowanne, in ɗaya ya fita ka sake oda. Sabon littafi ka karɓi sunayen masu so tun kafin ya fito, ka ɗora kaɗan a kai, ka fi ƙarfi a bango na musamman. Cinikin sabon littafi a makonnin farko yake. Wanda ya wuce wata shida bai motsa ba, karya farashinsa ka fitar da uwar kuɗinka. Masu shago da yawa suna jin nauyin sayarwa a faɗuwa, sai su bar jari ya kwanta a kanta shekara biyu, alhali da sun juya shi sau goma.

Jagorar_Tebur:

Baba, lissafinka daidai ne, amma ina ganin akwai abin da littafin ciniki ba ya nunawa, kuma ina tsoron Malam Mai Kanta ya rage har ya yanke jijiya.

Ni mai jan labari ce, ina cikin kashi ashirin ɗin nan da aka ambata. Duk mako ina kawo mutane shagon da muke wasa. Ni ce mai sayen littafi, gaskiya ne. Amma sabuwar 'yar wasa ba ta fita sai ta sayi dayis nata, bayan wata ɗaya ta sayi na biyu don launinsa ya burge ta, ta sayi ɗan mutum-mutumin jarumarta, sai fenti, sai buroshi, sai jakar zuba dayis. Biyu daga cikin mutanena yanzu har kati suke bugawa a shagon. A littafin ciniki duk wannan ba ya shiga layin littattafai, amma littafin ne ya kawo su. Ranar da na shiga shago na ga littattafai uku kacal a lungu, na san ba wurina ba ne, kuma mutanena ma ba za su je ba.

Abin da nake ganin ya fi cutar da shaguna shi ne dogaro da wasa ɗaya. Littafin da ya fi kowanne suna shi ne wanda manyan kasuwanni ke karya wa farashi, a nan ba za ka taɓa cin gasa ba. Ku tuna Janairun 2023, lokacin da daftarin sabon lasisin Wizards ya fallasa. Tun 2000 akwai lasisin da ya ba kowa damar rubuta kaya a kan dokokin wasan kyauta, sai ga daftari yana neman kashi 25 cikin ɗari na cinikin da ya haura dala 750,000. Mutane suka fusata, suka riƙa soke rajistarsu ta D&D Beyond, kafin wata ya ƙare kamfanin ya janye ya saki dokokin a ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke ba kowa damar amfani da su kyauta. A cikin wannan hargitsi Paizo, kamfanin da ke wallafa Pathfinder, ya sanar cewa kwafin babban littafin dokokin wasan da ya tanada na wata takwas sun ƙare cikin mako biyu. Shagon da ke da wasu wasannin a kanta, kuma da ma'aikacin da ya san su, shi ya ci wannan kasuwa. Wanda ba shi da komai sai wasa ɗaya ya tsaya kallo.

Maganar kwafin kwamfuta kuma, Malam, ka shiga tsarin Bits and Mortar? Kyauta ne ga mai shago. Mutum ya sayi littafi a wajenka, kai ka tura masa PDF ɗinsa ba tare da ƙarin ko sisi ba. Evil Hat da Chaosium da Pelgrane Press suna ciki, da wasu da yawa. Wizards ba ya ciki, amma ga sauran ya rufe maka wannan ɓaraka. Ni kaina saboda shi na daina sayen irin waɗannan littattafai ta intanet. Sai dai dole ka rubuta a kanta ka manna, domin mutane da yawa ba su san akwai shi ba.

Abu na ƙarshe, kuma na san wasu za su ji haushi: ka karɓi kuɗin tebur. Muna zama awa huɗu, muna shan wuta da sanyin na'ura, ana share mana wuri. Ɗan abin da kowa zai biya, a mayar masa da shi a matsayin kuɗin sayayya a shagon, ba zai kori mai son wasan ba. Ni na fi son in biya da in zo wata rana in tarar da ƙofa a rufe.

Ɗan_Maɗaba'a:

Sannunku. Ni a ɗaya gefen nake, ina aikin tsara shafuka da hulɗa da masu buga littafi wa wani ƙaramin kamfani, mu kaɗan ne. Ina roƙon kada a haɗa mu da Hasbro a kwando ɗaya idan ana cewa masu wallafa.

Ga yadda kuɗin ke rabuwa. Littafin dala 50, dila yana karɓa a wajenmu a kan kusan kashi 40 cikin ɗari na farashin bango, wato dala 20. A cikin ashirin ɗin nan za a biya bugawa, da jirgin ruwa, da sito, da marubuci, da mai zane, da mai gyara. Babban kamfani yana buga dubban ɗaruruwa, kuɗin kowane kwafi ya faɗi ƙasa. Mu da muke buga dubu biyu ko uku, wani lokacin abin da ke saura a kwafin da ya bi ta dila bai taka kara ya karya ba. Wanda muka sayar a shafinmu kuwa shi ke biyan albashi. PDF a shafin ciniki na DriveThruRPG ma suna cire kashi 30 zuwa 35, amma babu bugawa babu dako. Idan kun ga muna jan mutane zuwa shafinmu, wallahi neman numfashi ne.

Karo-karo ta Kickstarter da BackerKit ma haka. Ba mu da jarin da za mu buga littafi mu jira shekara, sai masu so su biya tun kafin a buga. Na san abin da wannan ke yi wa shago: masu tsananin son wasan, waɗanda da su za su fara saye a wajenka, sun riga sun karɓi nasu da ƙarin kyaututtuka. Magpie Games ya tara sama da dala miliyan 9 a 2021 a kan wasa guda, duk wannan ciniki ne da bai bi ta kanta ba. Ba na musun wannan.

Amma ku dubi abin da ya same mu a 2025. A Janairu Diamond Comic Distributors ya shigar da takardar karyewa a kotu, kuma shi ne mai Alliance Game Distributors, ɗaya daga cikin manyan dilolin kayan wasa a ƙasar. Daga baya Universal Distribution na Kanada ya sayi Alliance. Kamfanoni da yawa suna da kaya a siton Diamond a matsayin ajiya, a sayar a kawo kuɗi, sai ga shi ana neman izinin kotu a sayar da kayan a biya masu bin Diamond bashi. Masu wallafa, har da Paizo, suka shiga shari'a a kan kayan da suke nasu. Ana cikin haka a Afrilu harajin kayan Sin ya kai kashi 145 cikin ɗari kafin a sauke shi a Mayu. Littafi zalla ya tsira, domin doka ta keɓe kayan karatu, amma kwalin farawa mai dayis da taswira da kati ana iya lissafa shi a matsayin kayan wasa. Kuma kwalin farawan nan shi ne abin da ya fi sauƙin sayarwa ga sabon shiga a shago.

Bayan irin wannan, duk ƙaramin kamfani zai yi tunani sau biyu kafin ya sake zuba kayansa a hannun dila guda. Abin da zan ce wa Yaya Mai Kanta: ka rubuto mana kai tsaye. Yawancinmu muna da farashin masu shago, sau da yawa rabin kuɗin bango, kuma ba ma tilasta oda mai yawa. Akwai Indie Press Revolution da ke tara kayan ƙananan kamfanoni wuri ɗaya, ka yi oda guda ka sami iri-iri. Irin waɗannan littattafai ba kasafai manyan kasuwanni ke karya musu farashi ba, don haka wanda ya gani a kantarka ba shi da wata waya da zai nuna maka.

Mai_Kanta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na nuna wa abokina duka amsoshin.

Hajiya, maganarki ta dayis da fenti ta sa mun koma mun duba rasit na daren da ake wasan labari, ba layin littattafai kaɗai ba. Cinikin daren ya fi yadda muke zato, kuma kusan duka ƙananan kaya ne masu riba mai kyau. Abokina ya yarda da wannan, amma ya ce hujja ce ta riƙe tebur, ba ta riƙe littafi sittin a kanta ba. Na kasa ba shi amsa. Bits and Mortar kuwa mun cike takardar shiga.

Inda muka tsaya: za mu fitar da tsofaffin littattafan kasada da na bugun da ya wuce, na Dungeons & Dragons na 2014 da na Pathfinder kafin gyaran 2023, a kan ragi. Wurin da suka bari za a raba, rabi kati, rabi wasannin ƙananan kamfanoni, amma sai wanda ɗayanmu ya karanta kuma zai iya jan sa a tebur. Abin da ya fi ci mini rai a duk wannan shi ne yadda mu ke koya wa mutum wasa kyauta, mu haɗa shi da abokan wasa, sannan kuɗin wata-wata ya tafi wani wuri har abada. Na so a ce akwai ko ɗan kaso da ke dawowa ga shagon da ya kawo mutumin.

Saura tambaya biyu. Matakin masu shago da ake sakawa a Kickstarter, inda shago ke biyan kuɗin kwafi da yawa tun kafin a buga, ya cancanci a shiga? Sai Free RPG Day, ranar da shaguna ke raba ƙananan littattafan wasa kyauta, ban taɓa yi ba don na ji sai an sayi kwalin kayan.

Tsohon_Dila:

Matakin masu shago, ka yi hattara. Za ka ba da kuɗi yau, kaya su zo bayan shekara ko fiye, kuma ranar da suka iso masu son abin a garinku sun riga sun karɓi nasu. Ka shiga kawai idan ajiya kaɗan ake biya, sauran sai kaya sun tashi, kuma idan kamfanin ya yi alkawarin turo na shaguna lokaci ɗaya da na sauran mutane. Ka tambayi wannan a rubuce. In mutum uku cikin kwastomominka suka ce za su karɓa ta hannunka suka ba da kafin alƙalami, to shiga. In babu, jira ya zo wajen dila.

Free RPG Day kuwa tun 2007 ake yi, galibi a watan Yuni, kuma gaskiya ne kai za ka sayi kwalin. Idan za ka zuba ƙananan littattafan a bakin ƙofa kowa ya ɗauka ya wuce, asarar kuɗi ce. Ka nemi masu jan labari irin Hajiya tun wata guda kafin ranar, kowa ya ɗauki wasa ɗaya daga cikin kwalin ya shirya zama na awa biyu, wanda ya zauna ya buga shi ke tafiya da littafin kyauta. Ka tabbata cikakken littafin kowane wasa da za a buga yana kan kanta a ranar, ko da kwafi biyu ne, da takardar rubuta suna ga wanda ke son zama na gaba.

Tsofaffin bugun nan kuma kada ka zubar da su duka a rana ɗaya. Har yanzu akwai teburan da ke wasa da dokokin 2014 kuma ba su da niyyar canzawa. Ka fara da ragin kashi 25, ka sanar da masu jan labarinka kafin kowa, bayan wata ɗaya abin da ya rage ka sauke shi zuwa rabi.